Kwikwiyon Riƙo: Ka Koya Masa da Kanka, Ka Kai Shi Aji, Ko Ka Nemi Gwani?

Daren farko da ka kawo kwikwiyon riƙo gida, da wuya ka samu barcin kirki. Ya baro inda ya sani, ya baro warin da ya saba da shi, ga shi a hannun baƙi. Sai kuka, sai fitsari a bakin ƙofa, gari na wayewa ka tarar ya gwada haƙoransa a kan takalminka. Kafin mako ya zagayo shawarwari sun yi maka yawa. Wannan ya ce ka zauna ka koya masa da kanka. Wancan ya ce akwai ajin 'yan kwikwiyo. Wani ya ce ka kira gwani ya riƙa zuwa gida, wani kuma ya ce ka hutar da kanka, ka miƙa shi a riƙe maka na wasu makonni a dawo maka da shi a ladabce. Hanyoyi huɗu ke nan, kowace da masu yabonta.

Kalmar horo fuska biyu gare ta a bakinmu: ana horar da mutum ya ƙware, ana kuma yi masa horo idan ya yi laifi. Ta farko nake nufi a nan. Ta biyun za mu gamu da ita a gaba, domin a kanta ne mafi yawan ɓarna ke aukuwa.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne lokaci. Ba lokacinka nake nufi ba, lokacin kwikwiyon. Masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekaru 13 suna nazarin girman karnuka a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka, suka fitar da sakamakon a 1965. Abin da suka tabbatar shi ne, daga wajen mako na 3 zuwa na 12 da haihuwa kwikwiyo yake yanke wa duniya hukunci: wane ne aboki, mene ne abin gudu. A wani gwaji da aka wallafa a 1961, 'yan kwikwiyon da ba su yi cuɗanya da mutum ba har suka kai mako 14 sun tashi da tsoron mutane, kuma tsoron bai sake su da sauƙi ba. To kwikwiyon riƙo sau da yawa yana zuwa hannunka ne wannan ƙofa ta kusa rufewa, kuma ba lallai ka san abin da ya gani kafin ya iso gare ka ba. Wata hanyar tana cin moriyar makonnin da suka rage, wata tana ɓarnatar da su.

Na biyu kuɗi, kuma ba wanda za ka biya yau kaɗai ba, har da na gyara idan aka ɓata. Na uku ɗorewa: abin da ya koya zai zauna masa a gidanka, a gaban iyalinka, bayan wata shida? Na huɗu sauƙi, wato nawa aikin zai ci daga yininka da haƙurinka. Na biyar haɗari, kuma iri biyu ne: na cuta, da na lalacewar hali.

Hanya ta ɗaya: kai da kanka, a gida

Ita ce mafi araha. Abin wuya mai laushi, igiya, keji ko ɗan shinge, kayan tauna, da ɗan abin lasawa na lada. Kayan aikin ke nan. Ladan ma kana iya ɗibarsa daga abincinsa na yini, domin ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce kada abin kwaɗayi ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a rana.

Tushen aikin abu ɗaya ne: duk abin da ya jawo wa kare alheri zai maimaita shi. Ya zauna, ka ba shi lada cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya gane zaman ne ya biya. Ka yi jinkiri har ya miƙe, to miƙewar ka saya. Darasi kuma gajere ne, minti uku zuwa biyar, sau da yawa a yini. Kwikwiyo yana barcin awa 18 ko fiye a rana, kuma yawancin haukar cizo da guje-gujen yamma alamar gajiya ce. A nan kwanciya yake buƙata, ba ƙarin darasi ba.

Batun fitsari da kashi shi ne ke karya gwiwar mutane, alhali lissafinsa a fili yake. Ana kintata cewa kwikwiyo yana iya riƙe fitsari kusan awa ɗaya a kan kowane wata na shekarunsa. Ɗan wata biyu ba zai jira ka awa shida ba, kome ladabinsa. Ka fitar da shi da zarar ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa, kuma wuri ɗaya kullum. Yana gamawa ka yaba masa a nan take, ba sai kun koma ɗaki ba. Idan ya ɓata ɗaki, goga masa hanci a ciki ba ya koya masa komai sai cewa yin fitsari a gabanka haɗari ne, sai ya koma yi a bayan kujera. Ka wanke wurin da ruwan wanki mai narkar da warin fitsari, ka guji mai amoniya, domin a hancinsa kamar fitsari yake, zai sake jawo shi wurin. Keji yana taimakawa saboda kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma da sharaɗi: ya ishe shi tsayawa da juyawa da miƙe ƙafa, a sa shi ya so wurin da abinci da abin tauna, kuma kada ya zama kurkukun yini guda.

Cizo ma da dalilinsa. Haƙoran nono 28 ne, suna zubewa daga wajen wata huɗu, na manya 42 su kammala fitowa wajen wata shida zuwa bakwai. Dasashi na ƙaiƙayi, dole ya tauna wani abu. Aikinka shi ne ka zaɓa masa abin taunar, kuma duk lokacin da haƙori ya taɓa fata, wasa ya tsaya na ɗan lokaci.

Ta fuskar ɗorewa babu hanyar da ta kamo wannan, domin a inda zai rayu ya koya, daga bakin wanda zai yi wa biyayya. Ta fuskar sauƙi kuwa ita ce mafi nauyi. Ana tashi tsakar dare, ana maimaita abu ɗaya sau ɗari, kuma dole duk gidan su yi magana da baki ɗaya. Idan kai ka ce "sauka" wani ya ce "bari", kai ka hana shi hawa kujera wani ya ɗora shi, kwikwiyon ba taurin kai yake yi ba, rikita shi aka yi. Haɗarinta biyu ne. Ba ka da mai duba kuskurenka, sai ka yi wata guda kana ba da lada a kan abin da kake son hanawa ba ka sani ba. Misali mafi yawa shi ne ture kare da hannu idan ya yi maka tsalle, shi kuwa a wurinsa wasa ne ka shiga. Sannan gida kaɗai ba duniya ba ce. Kwikwiyon da ya iya zama da kwanciya da zuwa idan an kira shi, amma bai taɓa ganin keke ko yaro ko mai sanda ba, akwai sauran aiki babba a kansa.

Hanya ta biyu: ajin 'yan kwikwiyo

Wani likitan dabbobi, Ian Dunbar, shi ya yaɗa wannan tsari lokacin da ya buɗe ajinsa a Kaliforniya a 1982, a zamanin da aka saba jira sai kare ya kai wata shida kafin a fara koya masa komai. Yawanci ana haɗuwa sau ɗaya a mako, kusan awa guda, na wasu makonni. Kuɗinsa matsakaici ne, tunda jama'a ke raba ladan malami.

Amfaninsa na gaske ba koyon zama da kwanciya ba ne. Abin da ba za ka iya samarwa a gida ba shi ake sayarwa a can: wasu 'yan kwikwiyo da zai yi kokawa da su ya koyi sassauta cizo, baƙin mutane, sabon wuri, da sauraron muryarka cikin hayaniya. Kai ma ana gyara maka hannu.

Abin da ke sa mutane ɗari-ɗari shi ne cuta, kuma tsoron yana da tushe. Cutar fabo, mai kawo amai da gudawar jini, tana kashe 'yan kwikwiyo, ƙwayarta kuma tana daɗewa a ƙasa watanni. Jerin allurar rigakafi yana farawa ne a mako 6 zuwa 8, ba ya kammala sai mako 16 ko bayan haka. Ka ga inda gizo ke saƙa: idan ka jira allura ta ƙare, ƙofar sabo ta riga ta rufe. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta fitar da matsayarta a 2008 cewa kwikwiyo yana iya fara aji tun yana mako 7 zuwa 8, muddin an yi masa allurar farko aƙalla kwana 7 kafin ranar, an kuma ba shi maganin tsutsar ciki. Aji mai tsabta da ake duba katin allurar kowa daban yake da filin da kowane kare ke bi. Ga kwikwiyon riƙo wanda ba a san tarihin allurarsa ba, likita ne zai fara ganinsa kafin kowane malami.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. A ajin da aka saki 'yan kwikwiyo barkatai, mai ƙarfi yana koyon cin zali, mai tsoro yana ƙara tsorata. Ka je ka kalli darasi ɗaya ba tare da naka ba. Ka duba ko ana raba manya da ƙanana, ko akwai lungun da mai jin kunya zai fake, ko malamin yana katse wasa idan ya yi zafi. Ɗorewar abin da aka koya kuwa tana hannunka: awa ɗaya ce a mako, sauran awa 167 a gidanka yake.

Hanya ta uku: gwani ya riƙa zuwa gida

Idan aka lissafa da awa, ta fi aji tsada nesa ba kusa ba. Amma ba kowa ke buƙatar zuwa goma ba. Sau da yawa zuwa biyu ko uku sun isa a ɗora ka a kan hanya. Gwanin yana ganin abin da ba zai taɓa gani a aji ba: inda kejin yake, yadda yara ke ɗaukar kwikwiyon, abin da ke faruwa idan an ƙwanƙwasa ƙofa. Ga kwikwiyon da ke gurnani a kan kwanon abinci, ko yake maƙalewa a ƙarƙashin gado idan ya ji baƙo, ko yake kuka har muryarsa ta dishe idan an bar shi shi kaɗai, wannan ce hanyar da nake ba da shawara ba tare da wani kokwanto ba. Irin waɗannan halaye sukan bayyana a wurin 'yan riƙo, kuma aji yana iya ƙara dagula su. Ɗorewarta tana da kyau, tunda a gida ake aikin kuma kai ake koya wa. Ta fi sauƙi a kan yi da kanka, sai dai ba ta ba shi abokan wasa.

Haɗarin yana ga wanda ka ɗauko. A ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa kiran kansa mai horar da karnuka. Don haka ka yi masa tambaya biyu kafin ya taɓa igiyar: idan kwikwiyon ya yi daidai me za ka yi masa, idan ya kuskure kuma me za ka yi masa? Amsar ta biyu ita ce ke tona asiri. Idan ka ji ya fara zancen sai ka nuna masa kai ne shugaban garke, ka danne shi a ƙasa, ka riga shi cin abinci, to ka san tsohon ilimi yake ɗauke da shi. Wannan tunani ya samo asali ne daga nazarin da wani masanin dabbobi, Rudolf Schenkel, ya wallafa a 1947 kan kyarketai da aka tara a gidan namun daji na birnin Basel a ƙasar Suwizalan, waɗanda ba dangin juna ba ne. David Mech, masanin kyarketai wanda shi kansa ya taimaka wajen yaɗa zancen, ya dawo a 1999 ya bayyana cewa garken kyarkeci a daji iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Kwikwiyon da ya riga ka fita ƙofa ba sarauta yake nema ba, waje yake so.

Gurnani kuma kada a hukunta shi. Gargaɗi ne. Karen da aka hana gargaɗi shi ne ke cizo ba sallama.

Hanya ta huɗu: a tafi da shi, a dawo da shi

Ita ce mafi tsada, ita ce kuma mafi daɗin ji: makonni biyu zuwa huɗu a hannun gwani, kai kana hutawa. Na fahimci mai sha'awarta, musamman wanda aiki ya sha masa kai. Amma ga kwikwiyon riƙo ina ganin ita ce mafi rauni.

Kare ba ya ɗaukar darasi daga wuri zuwa wuri yadda mutum ke yi. Abin da ya koya a wani ɗaki, daga bakin wani mutum, sai an sake ɗora masa shi a ɗakinka da muryarka. Idan ba a zaunar da kai an koya maka ba, cikin 'yan makonni tarbiyyar takan zube. Tsabtar ɗaki ma ta gidanka ce, ba ta gidan wani ba. Sannan ka tuna wannan ɗan taliki ya riga ya sauya hannu sau ɗaya ko biyu. Yana fara sakin jiki da kai sai ka sake miƙa shi ga baƙo, a daidai makonnin da ya kamata ya san kai ne mafakarsa.

Babban haɗarin shi ne ba ka ganin abin da ake yi. Mai alƙawarin sakamako cikin kwana goma sha huɗu yana da dalilin neman gajeriyar hanya, gajeriyar hanyar kuwa sau da yawa ita ce abin wuya mai jan lantarki, ko mai ƙayoyin ƙarfe, ko fizgar igiya. Ga fuskar horo ta biyu da na ce za mu gamu da ita. An auna ta. Wani bincike da aka yi a Fotugal aka wallafa a 2020 ya bi karnuka 92 daga makarantu 7, ya gano waɗanda ake koya wa da tsoratarwa sun fi nuna alamun damuwa, sinadarin damuwa a yawunsu kuma ya fi hawa bayan darasi. A shekarar dai, masana a Jami'ar Lincoln ta Ingila sun gwada karnuka 63, suka ga abin wuyan lantarki bai fi lada sa kare ya amsa kira ba. Masu koyarwa da lada ma su suka fi samun biyayya da sauri. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta wannan na'ura tun 2010, AVSAB kuma a 2021 ta ce da lada kaɗai ya kamata a koyar da kare. Tsoro yana sa kare ya yi shiru, sai mai shi ya ɗauka ladabi ne.

Akwai wuraren kirki da ke aiki da lada, suna barin ka ziyarta ba sanarwa, suna turo maka bidiyon darasi, suna kuma zama da kai bayan an dawo da shi. Idan dole ce ta sa, waɗannan sharuɗɗa uku su ne mafi ƙarancin abin da za ka nema.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi a gare ka | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Kai da kanka | Kaɗan | Mai ƙarfi, idan gida ya haɗa baki | Aiki mai yawa kullum | Kuskuren da ba mai gyarawa. Ƙarancin cuɗanya |
| Aji | Matsakaici | Ya danganta da bitar gida | Matsakaici | Cuta a wuri marar tsabta. Cin zalin mai tsoro |
| Gwani a gida | Mai yawa a kowace awa | Mai ƙarfi | Da dama | Faɗawa hannun wanda bai ƙware ba |
| A tafi da shi | Mafi yawa | Mai rauni, in ba a koya maka ba | Sauƙi da farko, aiki daga baya | Tsoratarwa a bayan idonka. Sake rabuwa |

Wa ya dace da wace

Idan kwikwiyonka ɗan mako 8 zuwa 14 ne, mai sakin jiki, yana tarar baƙo da kaɗa wutsiya, ka haɗa ta ɗaya da ta biyu: koyarwa a gida kullum, aji sau ɗaya a mako. Wannan shi ne zaɓina ga mafi yawan mutane, musamman wanda bai taɓa riƙon kare ba.

Idan aljihu bai ba da dama ba, ko babu aji a kusa, ta ɗaya ta wadatar, amma sai ka ɗauki nauyin nuna masa duniya da kanka. Kafin allurarsa ta kammala ka riƙa ɗaukarsa a hannu ka fita da shi ya ga motoci da mutane, ka gayyato baƙi iri-iri, ka haɗa shi da babban kare mai haƙuri wanda allurarsa ta cika. Ka bar shi ya matso da kansa, kada ka tura shi.

Idan mai tsoro ne, ko yana tsare abinci, ko akwai ƙananan yara a gidan kuma cizonsa ya fara wuce wasa, ka tsallake aji ka nemi gwani tun yanzu. Zuwa biyu a wata na uku ya fi zuwa ashirin a shekara ta biyu araha.

Idan yini kake yi a waje, matsalarka ba ta darasi ba ce, ta mai fitar da shi ce. Kuɗin da za ka kashe a tafi da shi, gara ka biya wanda zai riƙa leƙo shi da rana, ka ajiye minti goma safe da yamma don koyarwa.

Wanda kuma karensa ya kai wata takwas ya fara yin kunnen uwar shegu da kiran da ya iya sarai, kada ya ɗauka hanyar da ya bi ce ta gaza har ya ruga neman mai tsanani. Binciken da Lucy Asher ta Jami'ar Newcastle a Ingila ta jagoranta a 2020 ya nuna karnuka a wata takwas sukan rage bin umarnin mai riƙonsu fiye da yadda suke a wata biyar, lokacin balaga ke nan, kuma abin yana wucewa. A koma ga doguwar igiya da lada mai tsoka har ya huce. Amma idan kwikwiyon da ya riga ya iya tsabta ya dawo yana ɗiga fitsari a ɗaki ba zato, ko mai son a taɓa shi ya fara kai cizo idan an shafa wani sashe na jikinsa, wannan ba aikin ko ɗaya daga cikin hanyoyin huɗu ba ne. Ciwon mafitsara da raɗaɗin jiki sukan fito da wannan kama, kuma wurin likitan dabbobi za a fara zuwa.